Keke Mai Caji a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure: Mai Araha ko Mai Tsada?

Keke mai caji abin hawa ne mai ƙafa biyu da ƙaramin injin lantarki ke turawa da ƙarfin batir, batirin kuma ana cika shi da wutar gida ko ta sola. Iri biyu ne ke shigowa kasuwannin Kano. Akwai mai siffar keken da aka sani, da feda da sarƙa, wanda injin ke taya ƙafar mahayi aiki, in caji ya ƙare a hanya a tuƙa shi a ƙarasa gida. Akwai kuma mai siffar ƙaramin babur irin roba-roba, da totur a hannun dama da faffaɗan wurin ɗora ƙafa, wanda fedarsa, in ma yana da ita, ta ado ce. Kowane iri yana da mai araha yana da mai tsada, tazarar kuɗin da ke tsakani kuma takan kai ninki biyu ko ta wuce. Mai saye yakan tarar da su jere a shago ɗaya, fenti iri ɗaya, fitilu iri ɗaya, har ya rasa abin da ya raba su. Abin da ya raba su yana ciki, inda ido ba ya kaiwa.

Kafin 2023 ba kowa ne ya damu da wannan tambaya ba. Ranar 29 ga Mayu na shekarar, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A daidai wannan lokaci darajar naira ta faɗi, dala ɗaya ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500, kuɗin sabon babur da kayan gyaransa suka bi ta. Mutumin da ya saba shan man ɗari biyar ya yi yawon kwana biyu sai ya koma lissafin kowace fita. Daga nan ne keke mai caji ya daina zama abin wasan 'ya'yan masu hali ya zama abin da malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da manomi ke tambayar kuɗinsa.

Yankin Kura da Bunkure da Garun Malam yana da irin tasa zirga-zirgar, wadda ta sha bamban da ta cikin birni. Ruwan madatsar Tiga, da aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, shi ke bin babban kanal ya rarrabu cikin ƙananan kanaloli ya shayar da dubban kadadar gonakin shinkafa, alkama, masara, tumatir da albasa, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Wannan ya sa aiki ba ya yankewa rani da damina, tafiya ma ba ta yankewa. Manomi yana da fili a wannan sashe yana da wani a wancan, sai ya zagaya duba ruwa da sassafe ya koma da yamma. Mai sayen shanshera yana bin ƙauyuka ya kawo wa injinan casa na Kura. Dillalin tumatir yana sammakon Kwanar Gafan, mai masara yana nufar Karfi. Akwai kuma ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa da ke kwana a Kura su wuni a Kano, tafiyar kilomita talatin da wani abu a kan titin Zariya, su dawo da yamma. Mai harkar gona yana yin gajerun tafiye-tafiye masu yawa a kan burji da gefen kanal, sau da yawa da kaya a baya. Mai zuwa Kano kuma yana yin doguwar tafiya ɗaya a kan kwalta, tsakanin tireloli. Keken da ya dace da ɗaya ba lallai ya dace da ɗayan ba, don haka duk wata magana a kan araha da tsada sai an fara sanin wace tafiya ake nufi.

Mafi yawan bambancin kuɗin yana cikin batir. Mai araha kusan kullum batirin dalma yake ɗauke da shi, ɗan uwan na mota, guda huɗu ko biyar ko shida masu 12V kowanne, an jona su a jere sun ba da 48V ko 60V ko 72V. Mai tsada yana zuwa da batirin litiyam, dangin na wayar hannu. A jikin kowane batir akwai lambobi biyu, mai V da mai Ah, in aka ninka su sai a san yawan wutar da yake ɗauka. Batir mai 48V da 20Ah yana ɗaukar 960, wato kusan yunit ɗaya irin wanda ake saye a mitar gida. A takarda, na dalma da na litiyam masu lambobi iri ɗaya daidai suke. A hanya ba haka ba ne.

Da farko akwai nauyi. Batirin dalma mai 12V da 20Ah yana kai kilo 6 zuwa 7, guda huɗu sun doshi kilo 28, fiye da rabin buhun taki ke nan da keken ke ɗauke da shi dare da rana. Na litiyam mai wannan ƙarfi bai cika wuce kilo 6 zuwa 9 ba gaba ɗayansa. Sannan akwai yawan abin da za a iya zuƙa ba tare da an cutar da batirin ba. Na dalma ba ya son a tatse shi. In ana so ya yi ƙarko, kada a riƙa wuce rabinsa ko ɗan sama da haka kafin a mayar da shi caji, kuma in aka matsa masa da gudu ko kaya mai nauyi, abin da yake bayarwa ƙara raguwa yake yi. Na litiyam ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa kullum. Keke mai siffar babur, da mutum ɗaya a kai a matsakaicin gudu, yakan ci yunit ɗaya a kilomita 35 zuwa 45. Ke nan wancan batirin dalma mai kusan yunit ɗaya, tafiyar da zai yi cikin lafiya ba ta wuce kilomita 20 zuwa 25 ba, alhali na litiyam zai haura 30. Nisan da dillali ke faɗa, kilomita 60 ko 70 a caji ɗaya, an auna shi ne da mahayi marar jiki, a kan shimfiɗaɗɗen titi, a tafiyar hawainiya, da batir sabo ful. Mai hankali yakan cire kashi ɗaya cikin uku na abin da aka faɗa masa kafin ya fara nasa lissafin.

Abu na uku shi ne tsawon rai, wanda ake ƙirgawa da yawan cikawa da zuƙewa. Batirin dalma irin na waɗannan kekuna yakan yi zagaye 300 zuwa 500 kafin ya gaji. Litiyam na yau da kullum yana yin 500 zuwa 1,000, nau'in da ake rubuta wa LiFePO4 ko LFP kuma yana wuce 2,000. Wanda ke fita kwana shida a mako yana yin caji kusan sau 300 a shekara. Ma'ana batirin dalma shekara ɗaya ce tasa ko ɗaya da rabi, in an yi sa'a. Kuma waɗannan alƙaluma an fitar da su ne a yanayin zafi na digiri 25. Masana batir sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba ran batirin dalma biyu. A bazarar Kano, watan Afrilu musamman, zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, keken da aka jingine a bakin gonar albasa tun hantsi har la'asar kuwa ba a inuwa yake ba. Litiyam ma zafi yana tsufar da shi, sai dai LFP ya fi sauran juriya, shi ya sa masu haɗa sola a arewa suka fi karkata gare shi.

Akwai wani suna da ke ruɗar masu saye. Wasu kekunan China ana tallarsu da cewa batirinsu na graphene ne, a ɗora musu kuɗi. Batirin dalma ne da aka ɗan inganta da wani sinadari. Yana iya fin na gama-gari ƙarko, amma nauyinsa da halinsa na dalma ne. Ɗaga shi da hannu kawai ya isa ya warware gardama.

Duk wannan gaskiya ne a ko'ina a duniya. Abin da ya keɓanta da wannan yanki shi ne wutar da za a yi cajin da ita. A Afrilun 2024 aka sake farashin lantarki ta yadda 'yan rukunin A, da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, suke biyan sama da naira 200 kowane yunit. Garuruwa da ƙauyuka da yawa da ke kan layukan kamfanin wuta na KEDCO a wajen birni ba sa cikin wannan rukuni. Nasu ya fi sauƙin kuɗi, amma zuwan wutar ba shi da lokaci. A Oktoban 2024 kuwa, lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta arewa ta bar Kano da maƙwabtanta cikin duhu fiye da mako guda. A irin wannan hali ne halayen batiran biyu ke fitowa fili. Na dalma yana buƙatar awa 7 zuwa 10 a jone kafin ya cika, kuma yana son a cika shi tap, nan da nan bayan an dawo. In aka bar shi a zuƙe kwana biyu ko uku, ko aka riƙa yi masa rabi-rabin caji saboda ɗauke wuta, wani gishiri yana daskarewa a jikin faranten da ke cikinsa, ƙarfin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Yawancin batiran da ke mutuwa a wata shida ba tsufa ne ke kashe su ba, wannan ne. Litiyam bai damu da haka ba. Awa biyu in aka samu a yi, in an kawo wuta da tsakar dare a ƙara, babu abin da zai same shi. Hasali ma ya fi son zama tsakanin kashi 20 da 80 a kan a riƙa cika shi maƙil. Yana kuma cika cikin awa 4 zuwa 6.

Har ila yau, batirin litiyam a galibin kekuna masu tsada ana zare shi da makulli a riƙe a hannu. Ma'aikaci zai iya shiga da shi ofis, manomi zai iya barinsa a shagon masu cajin waya da ke da sola mai ƙarfi, ko wurin mai injin casa, ya wuce harkarsa. Na dalma a ɗaure yake a cikin keken, sai dai a kai keken dungurungum inda soket yake. Wannan yana da muhimmanci ga mai tunanin sola, domin rana tana fitowa ne a lokacin da keken ba ya gida. Faifan sola mai wat 300 yana iya tara sama da yunit ɗaya a wuni a ƙasar Kano, wanda ya ishi tafiyar yini, amma sai in batirin yana kusa da faifan, ko akwai wani batir a gida da zai ajiye wutar zuwa dare. Caji da ƙaramin janareta kuwa asara ce tsagwaronta: awa bakwai yana kaɗawa zai sha lita uku ko fiye, man da zai kai babur Kano ya dawo da shi har da saura.

Bayan batir sai inji da ƙwaƙwalwar da ke sarrafa shi, wadda kanikawa ke kira kwantirola. Kusan duk kekunan da ke wannan kasuwa injinsu a cikin cibiyar ƙafar baya yake, ba sarƙa, ba giya, ba baƙin mai. Tsari ne mai sauƙi da ƙarko, kuma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kura, inda babu hawa mai tsanani, ya wadatar. Bambancin yana wajen ƙarfi da kaurin waya. Mai araha yakan zo da inji mai wat 350 zuwa 500 da siraran wayoyi. Mai tsada yana kai wat 1,000 zuwa 2,000 ko fiye. A kan kwalta da mutum ɗaya, ƙaramin ma yana tafiya lafiya. Matsalar tana zuwa ne in an ɗora buhun taki mai kilo 50 a baya, aka shiga yashi ko taɓon da ban-ruwa ya bari a hanyar gona, mahayi ya murɗa totur har ƙarshe ƙafar kuma ba ta juyawa yadda ya kamata. A lokacin wuta mai yawa ke bi ta wayoyin, zafi ya taru, kwantirola ta ƙone. Nauyin da ake rubutawa a jikin ƙananan kekunan bai cika wuce kilo 120 zuwa 150 ba, har da mahayin. Babban mutum da buhun shanshera sun riga sun wuce nan. Wanda aikinsa ɗaukar kaya ne daga gona zuwa bakin titi, har yanzu Boxer ko Jincheng ɗinsa sun fi masa ƙaramin keke mai caji, kowane iri ne.

Ruwa da ƙura su ma abokan gaba ne. A wannan yanki ba sai damina ake haɗuwa da ruwa ba: kanal yakan yi ambaliya ya malale hanya, ana tsallaka ƙananan magudanai, kuma al'ada ce a gangara bakin kanal a wanke babur tas. Babur mai mai yana jure wannan, in ya sha ruwa a bushe filogi a tayar. Keke mai caji marar kyakkyawan rufi ba ya jurewa. A mai araha, mahaɗan wayoyi a buɗe suke a ƙarƙashin wurin ɗora ƙafa, wani lokaci salatif kawai aka naɗa musu. Danshi ya shiga, tsatsa ta kama, wata rana keken ya ƙi tashi ba a san dalili ba. Masu inganci suna da mahaɗai masu roba da ke toshe ruwa, kuma akan rubuta musu lambar IP. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa: IP54 yana jure yayyafi da fantsama, IP65 yana jure ƙurar hunturu gaba ɗaya da feshin ruwa, IP67 har ɗan nutsewa na taƙaitaccen lokaci. Ko mai IP67 bai kamata a tura shi cikin kanal da sunan wanki ba. Tsumma da bokiti sun isa.

Jikin keken ma yana da nasa. Hanyoyin gefen kanal, ko bayan gyaran da aka yi wa tsarin ban-ruwan a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya, burji ne da ƙasa, da ramuka da kunyoyin da tayar tarakta ke bari. Ƙarfen mai araha siriri ne, waldarsa kan tsage a wuyan keke ko wajen kariya, ƙananan ƙafafunsa masu inci 10 ko 12 suna faɗawa kowane rami, robobin jikinsa kuma su fara kaɗawa cikin 'yan watanni. Ƙafa mai faɗin inci 16 ko 17 ta fi dacewa da nan. Taya marar tub ta fi, domin faci a ƙafar baya aiki ne: wayar inji ta cikin gindin ƙafar take fitowa, mai facin da bai saba ba in ya fizge ta, gyaran ya fi kuɗin taya. Ga mai hawa titin Zariya kuwa, birki da fitila da gudu su ne a gaba. Tunda aka sake gina titin motoci suka ƙara wuta, keken da iyakarsa kilomita 25 ko 30 a awa zai yi sama da awa guda a gefen hanya manyan motoci suna wuce shi da iska. Zuwa Kano da dawowa kilomita 60 zuwa 70 ne, wanda ke buƙatar batir mai yunit biyu ko fiye, ko tabbacin caji a wurin aiki. Babu keke mai araha da zai ɗauki wannan tafiya kullum ya ga ƙarshen shekara da batirinsa na farko. A tuna kuma cewa dokar da ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birnin Kano da kewaye tun 2013 ba ta sa mai goyo ya saki jiki don nasa ba ya ƙara.

Zuwa nan sai a ɗauka mai tsada ya yi nasara ta ko'ina, araha ba ta ado. Amma tsada iri biyu ce. Akwai wadda ake biya don batir mai kyau, waya mai kauri, birki mai faifai da ƙarfe mai ƙwari. Akwai kuma wadda ake biya don suna da ƙawa: allo mai launi, lasifika, makullin da ake buɗewa da wayar hannu. Cikin mafi tsadar kekuna a duniya akwai na Turai masu injin Bosch ko Shimano a tsakiya, wajen feda. Injiniyanci ne mai kyau ƙwarai, amma an yi su ne bisa dokar Tarayyar Turai, wat 250 da gudun kilomita 25 a awa, domin hanyoyin keke na Holan da Jamus. Batirinsu da injinsu da cajarsu a kulle suke da juna, ba sa karɓar na wani kamfani, in sun yi ciwo kuma sai an jona su da kwamfutar wakilin kamfanin. Irinsu na hannu kan shigo cikin kayan kwantena, wani lokaci ba caja, batirin ya riga ya tsufa. Wanda ya sayi irin wannan a Bunkure, ranar da ya tsaya ya zama keken feda mai nauyin tsiya. Shi kuwa ɗan China mai araha, wannan ce babbar fa'idarsa: kayansa gama-gari ne. Kwantirola, totur, caja, batir, duk ana samun na wani ya shiga na wani a Sabon Gari, kuma yaron da ya iya gyaran inbata ko haɗa sola zai gane kansa cikin ɗan lokaci. China ce ke da kekuna masu caji sama da miliyan 300 a kan titunanta, manyan kamfanoninta irin su Yadea da Aima da TAILG kuma suna yin na ƙasa da na sama duka. Saboda haka zaɓin gaskiya a nan ba tsakanin ɗan China da ɗan Turai yake ba. Tsakanin ɗan China na dalma ne da ɗan China na litiyam mai sauƙin tsari.

Lissafin kuɗi yana fitowa in aka ɗauki misali. A ce malami yana yin kilomita 30 a rana, zuwa da dawowa, kwana 26 a wata. Babur mai cin lita ɗaya a kilomita 40 zai sha kashi uku cikin huɗu na lita, naira 750 in lita tana 1,000, wato 19,500 a wata, fiye da rubu'in mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da Jihar Kano ta amince da shi a 2024. Keke mai caji zai ci kusan yunit ɗaya, a ce naira 250 ko da a farashin rukunin A, wato 6,500 a wata. Rarar 13,000 ke nan a wata, 156,000 a shekara, ban da kuɗin baƙin mai da filogi da wankin kafireto. Daga cikin wannan rara ne za a cire kuɗin sabon batir, kuma a nan hanyoyin biyu ke rabuwa. Kilomita 30 ta wuce abin da batirin dalma mai 48V da 20Ah ke bayarwa cikin lafiya, don haka kullum a tatse zai dawo gida, da wuya ya cika shekara. Cikin shekara biyar mai shi zai sayi batir sau huɗu ko biyar, a farashin da ke bin dala. Mai LFP mai kyau yana iya ƙare shekarun biyar da batir ɗaya. Ko da a ce kuɗin na litiyam ya ninka na dalma sau uku, shi ne mai arahar a ƙarshe. In kuwa tafiyar kilomita 8 ko 10 ce a rana, daga gida zuwa asibitin Kura ko kasuwa ko makarantar cikin gari, kuma gidan yana da sola ko wutar da ake samu yawancin dare, lissafin juyawa yake yi. Batirin dalma ba zai riƙa sauka ƙasa da rabi ba, zai iya yin shekara biyu, ƙarin kuɗin litiyam kuma zai daɗe bai dawo ba.

Sai dai ba kowa ke saye da lissafin shekara biyar ba. Kuɗin manomi a dunƙule suke zuwa, bayan girbin shinkafa ko in tumatir ya yi daraja, kuma suna da masu jiransu: taki, iri, kuɗin ruwa, 'yan ƙwadago. Tumatir kuma ba shi da tabbas, kamar yadda aka gani a 2016 da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya. Ma'aikaci shi ma da ɗaukar adashi yake saye. Ga wanda abin hannunsa bai kai na litiyam ba, akwai hanya ta tsakiya: ya zaɓi keke mai ƙarfe da birki da ƙafafu masu kyau ko da batirinsa na dalma ne, in batirin ya mutu ya maye shi da litiyam mai V iri ɗaya. Sharaɗin shi ne a canza caja tare da shi, domin cajar dalma ba ta dace da litiyam ba.

Wannan ya kawo maganar haɗari, inda kowane batir ke da nasa. Litiyam marar kyau yana kamawa da wuta, wutar da ruwan bokiti ba ya kashewa da sauƙi. A Fabrairun 2024 gobarar da ta tashi daga wurin ajiye kekuna masu caji a wani bene a birnin Nanjing na China ta kashe mutum 15, birnin New York kuma tun 2023 ya hana sayar da waɗanda ba su da shaidar gwaji. Yawancin irin wannan gobara daga batiran da aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyi take fitowa, ko waɗanda ba su da kyakkyawan allon kariya da ake kira BMS, ko cajar da ba tasu ba. Saboda haka litiyam mai arahar da ta wuce hankali ya fi dalma mai kyau haɗari, kuma shi ne mafi munin abin da za a saya a kasuwar. LFP ya fi sauran wuyar kamawa. Kowane iri ne, ba a caji a ɗakin kwana, ko a zauren da shi ne kaɗai mafita, ko kusa da buhunan shanshera da jarkar fetur ɗin injin ban-ruwa. Kuma batirin da ya dawo daga rana a bar shi ya huce tukuna. Haɗarin dalma a hankali yake zuwa. Mataccen batir in aka fasa shi a tsakar gida don a sayar wa 'yan gwangwan, ruwan acid ɗinsa yana shiga ƙasa, ƙurar dalmar kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinare ta kashe ɗaruruwan ƙananan yara, ya isa a san girman abin. A yankin da ruwa ɗaya ke bi gona-gona, mayar da tsohon batir ga dillali a cike, a rage kuɗin sabo da shi, ya fi fasa shi.

A wajen ciniki, tambayoyin da ke da amfani kaɗan ne. A buɗe a ga batirin da ido, a karanta V da Ah da ranar da aka ƙera shi, domin na dalma da ya yi wata shida a sito ba caji ya riga ya fara mutuwa tun kafin a saya. A tambayi kuɗin sabon batir da kwantirola a ranar, da shagon da ake samunsu. Garanti a rubuce yake da amfani, kuma a duba ko ya haɗa da batirin, don sau da yawa na inji ne kawai. A hau a gwada da irin nauyin da za a riƙa ɗauka, a kan irin hanyar da za a riƙa bi. Na hannu kuwa, in na dalma ne a ƙaddara batirinsa ya gama yayi a cire kuɗin sabo daga farashin. In na litiyam ne a cika shi, a yi tafiya mai nisa da shi tare da mai shi, a ga kilomita nawa ya rage a cikinsa kafin a biya.